ZAUREN IYALI: Wa Zai Ɗora wa Baƙo Ruwa?

Muna fata kowa ya kai amfanin gonarsa gida lafiya. A nan wajenmu, tsakanin Gaya da Ajingi, gero da dawa sun shiga rumbu, an rore wake, an tsinke gyaɗa, yanzu sai hazo da iskar hunturu. Da asuba in mutum ya tsoma hannu cikin randa sai ya ji kamar kunama ta harbe shi. Yara suna kewaye da wutar kara, tsofaffi kuwa ba su fitowa sai rana ta ɗaga.

Wannan wata a kan saukar baƙi za mu yi magana. Amma kafin mu yi wa kowa gargaɗi, bari mu fara tona asirin kanmu, gama mu biyun nan da muke riƙe da wannan fili, miji da mata, mun yi abin kunya bara war haka.

Akwai wani tsohon mai bishara, ya haura shekara saba'in, shi ne ya koya wa maigida karatu da fitilar aci-bal-bal tun yana yaro. Ikkilisiyarmu ta gayyace shi wa'azin ranar Lahadi, aka ce a gidanmu zai sauka. Mako guda muna sane da zuwansa. Ran Asabar ɗin maigida ya wuni wajen awon gyaɗa, uwargida kuma ta wuni wajen koyon waƙoƙin Kirsimati na Zumuntar Mata. Mota ta sauke tsohon nan a Gaya bayan faɗuwar rana, ɗan acaɓa ya kawo shi cikin iska da ƙura. Sai da muka ji sallamarsa a zaure muka tuna ɗakin baƙi cike yake da buhunan gyaɗa. Muka janye buhu biyu, muka shimfiɗa tabarma a tsakani. Aka kawo masa sauran tuwon da ya huce. Da gari ya waye yaro ya ɗebo ruwan randa a bokiti ya kai masa makewayi. Ba a jima ba tsohon ya fito, fuska da ƙafa kaɗai ya wanke. Ya yi wa'azinsa da murya a dishe. Da zai tafi ya kama hannuwanmu ya ce, "Na gode da ɗawainiya, 'ya'yana. Allah ya sa albarka a gidan nan."

Bayan mako biyu muka ji yana kwance da ciwon haƙarƙari. Allah ya tashe shi, amma mu kunya ba ta sake mu ba. Maigida ya ce, "Uwargida, me ya hana ki ɗora wa Baba ruwa ran nan?" Ita kuwa ta ce, "Maigida, itacen da ke gidan nan ran nan ko tuwo bai isa ba. Gungume yana nan a bayan ɗaki, gatari ma yana nan. Wa ya faskara?" Daga nan ba wanda ya ƙara cewa uffan.

Da Kirsimati jikarmu ta zo hutu daga makaranta, ta ji labarin. Kun san wasan jika da kaka. Sai ta ɗauko wayarta ta nuna mana hoton waɗansu birai masu jar fuska, suna zaune cikin wani tafki mai tururi har wuya, dusar ƙanƙara tana zuba a kansu, sun lumshe ido. Ta ce, "Kaka, ku duba, ko biran Jafan sun fi baƙonku jin daɗi." Muka yi dariya, amma maganar ta shige mu. Biran nan na wani kwari ne a jihar Nagano, inda ruwan zafi yake fitowa daga ƙasa. Daga kansu hira ta kai mu ga irin masaukin da mutanen ƙasar suke ginawa a bakin wannan ruwa. Muka yi ta bin labarin kwana da kwanaki, ga kuwa abin da muka samu.

MASAUKIN MUTANEN JAFAN

Jafan tsibirai ce a can gabas mai nisa, gaba da ƙasar Sin. Kusan kashi uku cikin huɗu na ƙasar duwatsu ne da dazuzzuka, tana kuma da duwatsu masu aman wuta fiye da 100 waɗanda ba su mutu ba. Ruwan sama yakan nutse cikin ƙasa, ya tarar da duwatsu masu zafi a can ƙarƙashi, ya ɗauki zafinsu, ya narkar da gishiri iri iri da farar wuta, sa'an nan ya ɓuɓɓugo waje yana tururi. Suna kiran wannan ruwa onsen. Akwai idanun ruwa irin wannan fiye da 27,000 a ƙasar, da wurare kusan 3,000 inda mutum zai sauka ya kwana ya yi wanka. Tun 1948 suka kafa doka a kansa: ba a kiran ruwa onsen sai zafinsa ya kai digiri 25 a inda yake fitowa, ko kuwa yana ɗauke da gishirin ƙasa irin waɗanda dokar ta zayyana.

Masaukinsu na gargajiya sunansa riyokan. Akwai wani da ake kira Keyunkan, cikin wani kwari a jihar Yamanashi, yamma da Tokiyo, wanda aka buɗe tun shekara ta 705. Ku gwada da namu tarihi: marubutan tarihin Kano sun sa farkon sarautar Bagauda a 999, watau masaukin nan ya girme ta da kusan shekara 300. Zuriya ɗaya ta riƙe shi har tsara 52. A 2011 kundin Guinness ya shaida shi ne otal mafi daɗewa a duniya. A 2017, da aka rasa mai karɓa a cikin dangi, aka danƙa shi ga manajan da ya daɗe yana aiki a ciki, har yau kuwa ana saukar baƙi.

Ga yadda sauka take a irin wannan gida. Baƙo yakan iso wajen la'asar. Ma'aikata suna tsaye a ƙofa, su rusuna su yi masa maraba. Nan bakin ƙofa zai tuɓe takalminsa, a jera masa shi yana fuskantar waje domin ranar tafiya. A kai shi ɗakinsa, wanda daɓensa duka wata tabarma ce mai kauri da suke kira tatami. Ba gado a ciki, sai ɗan gajeren tebur da matasan zama. Wata ma'aikaciya ta durƙusa ta zuba masa koren shayi, ta tambaye shi lokacin da yake so a kawo abinci. An riga an ajiye masa doguwar rigar auduga mai ɗamara, ita zai sa har ya bar gidan.

Sa'an nan sai wanka. Maza da nasu wuri, mata da nasu. Ba a faɗa wa ruwan nan da dattin hanya. Sai mutum ya zauna a 'yar kujera a gefe, ya cuɗa jikinsa da sabulu, ya ɗauraye sarai, kana ya shiga babban kwarmin ruwan. Ba a kai sabulu ciki, ko tawul ba a tsomawa, domin ruwan na kowa ne. Zafinsa yakan kai wajen digiri 40. Wani kwarmin a waje yake, mutum yana zaune cikin ruwa har wuya yana kallon duwatsu da itatuwa, yana jin ƙarar rafi, ba mai ɗaga murya.

Abincin dare ƙananan akusa ne masu yawa, ana kawo su ɗaya bayan ɗaya, kuma yawancinsu daga abin da yankin yake bayarwa a wannan lokaci na shekara: kifin rafi gasasshe da gishiri, ganyayen dutse, awara, shinkafa, da romon waken suya da aka ruɓar kamar yadda muke yin daddawa. Kafin lokacin barci an shiga an shimfiɗa masa katifa a ƙasa da bargo mai kauri. Da safe a ba shi karin kumallo. In zai tafi, masu gida su fito waje su tsaya suna rusunawa har motarsa ta ɓace. A bisa al'ada mai riƙe da ragamar duk wannan mace ce, suna kiranta okami, watau uwargidan masauki.

Akwai kuma wata tsohuwar al'adarsu da ta shafi manoma. In aikin gona ya ƙare, manomi da matarsa su ɗauki shinkafarsu su tafi masauki mai araha a bakin ruwan zafi, su yi mako ɗaya, biyu ko uku, suna dafa abincinsu da kansu, suna shiga ruwa safe da yamma har ciwon baya da na gwiwa ya lafa. Suna kiran wannan toji, har yanzu ana yinsa a arewacin ƙasar.

ASHE DUK MUNA DA SHI

Da muka zauna muka duba, sai muka ga ba wani abu a cikin jerin nan da Bahaushe bai gada ba. Tuɓe takalmi a bakin ƙofa namu ne. Tabarma da shimfiɗa a ƙasa namu ne. Su da shayi, mu da ruwan sanyi a ƙwarya da fura ko kunun tsamiya. Su da rusunawa har mota ta ɓace, mu da rakiya har bakin gari, da ɗan ƙullin kuka ko gyaɗa na tsaraba. Zaure ma domin baƙo aka gina shi. A zamanin fatake kowane gari a kan hanya yana da zango da fatoma, mai saukar matafiyi, ya ajiye masa kaya, ya nema masa mai saye. Mu mutanen ƙasar Gaya bai kamata a koya mana darajar matafiyi ba, tun da labarin kaka da kakanni ya ce wani maƙeri mai suna Kano daga Gaya ya tashi ya tafi gindin Dala neman tama, garin kuma ya ci sunansa. Lalle wani ne ya ba shi ruwa a hanya.

Bambancinmu da su biyu ne. Na fari, nasu sana'a ce, kuɗi ake biya, ba kaɗan ba kuwa. Namu kyauta ne domin Allah, a nan mun fi su riba. Na biyu, su sun gama shiri tun baƙo bai iso ba. Riga tana ninke, ruwa yana jira, an san abin da za a dafa. Ba a barin baƙo ya buɗe baki ya roƙa. A nan ne muka faɗi ran nan. Ƙauna muna da ita ga tsohon nan, har a zuci, amma ƙaunar da ba ta faskara itace ba ba ta ɗumama kowa. Baƙon kirki kuwa ba zai ce maka yana jin sanyi ba, sai dai ya gode ya tafi da tarinsa.

RUWAN WIKKI

Jikarmu ta ce ai ba sai mun je Jafan ba, akwai ruwan ɗumi mai fitowa daga ƙasa a Yankari, jihar Bauchi. Gani ya kori ji. Cikin watan Fabrairu muka sayar da buhu biyu daga gyaɗar nan da ta hana baƙo wurin kwana, muka yi kuɗin mota. Muka bi ta Wudil, Kachako, Birnin Kudu da Ningi har Bauchi. Daga nan muka ɗauki hanyar Gombe zuwa Dindima, muka karkata kudu zuwa ƙofar daji a Mainamaji, sa'an nan tafiyar wajen kilomita 40 cikin dawa kafin masaukin Wikki.

An keɓe dajin Yankari domin namun daji a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962. Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, ta mayar wa jihar Bauchi a 2006. Akwai giwaye a ciki, gwaggon biri kuwa har bakin ɗakunan kwana suke zuwa, in ka yi sakaci da ledar abinci sai dai ka ga ƙurarsu. Daga masauki ana gangarawa ta matakala zuwa ga ruwan. Daga ƙarƙashin wani jan dutse yake fitowa, garau, kana ganin yashin ƙasansa, manyan itatuwa sun yi masa inuwa. Zafinsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina. Bai kai na Jafan ba, ɗumi-ɗumi ne kamar ruwan da aka surka wa jariri. An ƙiyasta yana fitar da lita miliyan 21 kowace rana zuwa kogin Gaji. Ku masu ɗiban ruwa a burtsatse ku lissafa: jarka mai lita 25 sau 840,000 ke nan, ba mai buga famfo, ba mai hura wuta. Ikon Allah ya wuce mamaki.

Da sassafe, kafin jama'a su taru, maza suka ja gefe, mata suka sauka da zanensu ɗaure a ƙirji. Uwargida ta daɗe a ciki har aka fara tunanin ko lafiya. Da ta hau sama ta zauna kusa da maigida, ta yi shiru, can ta ce, "Maigida, ka sani, tun da na yi wayo, in ban da lokacin jego, yau ne na fara wanka da ruwan ɗumin da ba ni na ɗebo ba, ba ni na hura wutarsa ba."

Maigida ya rasa ta cewa. Shekara arba'in da biyu da aure, kowane hunturu yana tashi ya tarar da bokiti yana tururi a makewayi, bai taɓa tambayar yadda ya kai can ba. Ya ɗauka kamar ruwan Wikki ne, daga ƙasa yake fitowa.

'Yan'uwa maza, mu faɗi gaskiya. In an yi baƙo, maigida ne ake yi wa godiya a zaure, shi ake yabo a majami'a. Amma wa ya je rijiya? Wa ya yi daka, wa ya sha hayaƙi, wa ya tashi tun zakara bai yi cara ba? A masaukin Jafan uwargida tana da ma'aikata masu albashi a ƙarƙashinta, ruwa kuma Allah ya dafa mata shi tun daga ƙasa. Tamu uwargida ita ce mai ɗiban ruwa, ita ce mai dafuwa, ita ce mai shara, ga goyo. Ran da ƙarfinta ya kasa, sai baƙo ya sha ruwan sanyi, mu kuma mu ɗora mata laifi.

Littafi Mai Tsarki bai koya mana haka ba. Ku duba Farawa sura 18. Ibrahim yana da shekara kusan ɗari sa'ad da baƙi uku suka tsaya kusa da alfarwarsa a Mamre da tsakar rana. Shi da kansa ya sheƙa ya tarye su, ya sa aka kawo ruwan wanke ƙafa. Saratu ta kama aikin gari, shi kuwa ya ruga garke ya zaɓo ɗan maraƙi, ya ɗauko kindirmo da madara, ya tsaya a kansu a gindin itace suna ci. Aikin na mutum biyu ne, har da baransu na uku. A Luka sura 7 kuma, da Saminu Bafarisiye ya gayyaci Yesu cin abinci bai ba shi ruwan wanke ƙafa ba, maigidan Yesu ya yi wa magana, bai aika a kira matarsa ba. A daren da aka bashe shi, kamar yadda Yahaya sura 13 ta nuna, Ubangiji da kansa ya ɗaura tawul, ya zuba ruwa a daro, ya wanke ƙafafun almajiransa. In Ubangiji ya ɗauki daro, wane ne mu da za mu ce ɗaukar bokiti ya rage mana girma?

INDA MASU BI BA SU DA YAWA

Akwai wani gefe na labarin ruwan zafin Jafan da ya kamata kowane mai bi ya ji, gama shi ya nuna mana maganar nan ta wuce ladabi kawai. Bishara ta isa ƙasar a 1549 ta hannun Faransis Zabiya, ɗan mishan na ɗarikar Katolika, wanda ya sauka a Kagoshima. An ƙiyasta masu bi sun kai 300,000 kafin masu mulki su haramta addinin a 1614. A dutsen Unzen, gabas da Nagasaki, akwai wurin da ruwa yake fitowa yana tafasa. Daga 1627, shekaru kamar biyar, can ake kai masu bi ana kwara musu ruwan nan domin su yi musun Almasihu. Waɗansu sun jure har mutuwa, cikinsu akwai wani Bulus Ucibori, wanda aka kashe tare da 'yan'uwa goma sha biyar a 1627. Yau Unzen gari ne na masaukai da wanka, an kuma kafa gicciye a wurin domin tunawa da su.

Waɗanda suka tsira suka ɓuya. Shekara fiye da ɗari biyu ba su da majami'a, ba su da limami. A cikin gidaje bangaskiya ta zauna. Kowane ƙauye da dattijon da yake riƙe lissafin ranakun idi, da wani mai yi wa jarirai baftisma, wanda suke kira mai ruwa, da mai kai saƙo gida gida. A ran 17 ga Maris 1865 waɗansu mutanen ƙauyen Urakami suka shiga sabuwar majami'ar Ora a Nagasaki, wadda aka gina domin Turawa, suka bayyana wa limaminta Bafaranshe cewa su ma masu bi ne. Aka janye dokar hani a 1873.

Mun gode wa Allah mu ba a cikin irin wannan hali muke ba. Muna zaune da maƙwabtanmu Musulmi, su aiko mana da naman Salla, mu aika musu da shinkafar Kirsimati. Amma mu kaɗan ne a wannan yanki, a warwatse kuma, gida ɗaya a nan, biyu a can. A ƙauyukanmu babu otal. Mai bishara da ya zo daga nesa, ɗalibin makarantar Littafi da aka aiko horo, 'yar'uwa da ta kawo mara lafiya asibiti dare ya yi mata, saurayin da ya ba da gaskiya danginsa suka juya masa baya, ina za su kwana? Gidanka ne masaukin ikkilisiya. In ƙofofinmu suka yi nauyi, masu zuwa za su ragu, zumunta kuwa a ƙafa take. Manzo Yahaya ya rubuta wasiƙarsa ta uku zuwa ga wani Gayus, sunansa ma kusa da na garinmu, yana yabonsa domin yana saukar 'yan'uwa matafiya waɗanda bai ma san su ba, ya kuma ce mai yin haka abokin aikinsu ne cikin gaskiya.

ME ZA MU YI?

Na fari, kowane gida ya ware wuri tun baƙo bai zo ba. Matar nan ta Shunem, a 2 Sarakuna sura 4, ta yi shawara da mijinta suka gina wa Elisha ɗan ɗaki, suka sa gado, tebur, kujera da fitila. In ba ɗaki, zaure ma ya isa, in akwai tsabtatacciyar tabarma, bargo, gidan sauro, tocila da buta a ajiye wuri ɗaya. Buhunan hatsi a nema musu wani wuri.

Na biyu, a raba aiki. Faskare da ɗiban ruwa na maigida ne da samarin gida. A ajiye ɗaurin itace ko gawayi da ba a taɓawa sai domin baƙo. Da hunturu a ɗora masa ruwa dare da safe ba sai ya tambaya ba. In tsoho ne ko yaro, a surka a gwada da hannu kada ya ƙone, a kuma ajiye masa ɗan man kaɗanya domin kaushi.

Na uku, kada kunyar rashin nama ta hana mu saukar baƙo. Mutanen Jafan abin da ƙasarsu ta bayar suke kawowa. Tuwon dawa da miyar kuka, in da zafinsa, ya ishe kowane bawan Allah, da safe kuma ɗumame ko koko da ƙosai. A ajiye waya, a kashe rediyo, a zauna da shi. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Na huɗu, dattawan ikkilisiya su tsara saukar baƙi bi da bi, kada nauyin ya zauna kan gida ɗaya ko kan matar fasto kullum. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Baƙo ma yana da nasa: ya aiko da saƙo kafin ya zo, ya ci abin da aka ba shi, ya tuna baƙo raɓa ne. In kuwa wanda ba ku sani ba ne, Musulmi ko Kirista, matafiyin da motarsa ta lalace ko makiyayin da dare ya yi masa, ku taimake shi, ku kuma sanar da mai unguwa kamar yadda aka saba, gama zamani ya zo da abin da ya zo da shi.

Na biyar, a hutar da mai hutar da mutane. A Markus sura 6, da Yesu ya ga almajiransa ko damar cin abinci ba su samu saboda yawan masu kai da kawowa, ya janye su gefe su huta. Ba kowa ne zai iya kai matarsa Wikki ba, amma kowa yana iya ɗora tukunya. Yanzu da aikin gona ya ƙare, maigida ya zaɓi rana ɗaya a mako, ya riga matarsa tashi, ya hura wuta, ya kai mata ruwa makewayi. Wataƙila a majalisa a ce maka mijin-ta-ce. Ka bar su su faɗa, kai ka san wanda ya ɗauki daro kafin kai.

A gidanmu ranar Asabar muka zaɓa. Ran farko maigida ya cika gida da hayaƙi har maƙwabta suka leƙo ko gobara ce, yanzu kuwa hannunsa ya faɗa. Baba mai bishara ya karɓi gayyatarmu, zai dawo cikin watan nan. An kwashe gyaɗa, an share ɗaki, an shanya bargo, itace yana nan jere a bayan ɗaki har tsayin ƙugu. Mun shirya kuma mu roƙe shi gafara baki da baki, ko da yake mun san zai ce bai tuna an yi masa kome ba.

A sujadar iyali ta wannan mako ku karanta Farawa 18 tare da yara, ku tambaye su aikin da kowa ya yi a gidan Ibrahim ran nan, sa'an nan kowa ya faɗi wanda zai ɗauka in baƙo ya yi sallama gobe. Masu dabarar da ta yi musu amfani wajen saukar baƙi su rubuto mana, mu ma mu ƙaru.

Mu yi addu'a. Ya Uba, kai da ka karɓe mu sa'ad da muke baƙi gare ka, ka gafarta mana sakacinmu. Ka buɗe idanunmu mu ga bukatar baƙo tun bai faɗa ba, mu ga gajiyar na cikin gida tun ba ta kwantar da su ba. Cikin sunan Yesu, Amin.

Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu.